Ƙwayar da likita ya sa wa hannu

Ranar Talatar da ta wuce muna hutun cin abinci a wurin aiki, wani abokin aikina Bature ya miƙo mini wayarsa. Labarin kwantenar Tramol ne da aka kama a tashar jiragen ruwa ta Legas. Ya ce wai da gaske ne a ƙasarku yaro zai shiga kanti ya sayi wannan abu kamar alewa, ba takarda ba komai? Ya faɗa yana murmushin nan nasu na tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. Na ce masa gaskiya ne, don ƙarya ba ta da amfani. Amma daga nan loma ta ƙi wucewa.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, daga inda muke zaune zuwa Paisley Park, gidan mawaƙi Prince, bai kai tafiyar rabin awa a mota ba. Wani ƙaton farin gini ne a bakin babbar hanya mai lamba 5 a garin Chanhassen, nan jihar Minesota ta Amurka. In ba a gaya maka ba sai ka ɗauka ɗakin ajiyar kaya ne na wani kamfani. A cikin lif ɗin ginin nan aka tsinci gawar mawaƙi Prince da safiyar 21 ga Afrilun 2016, yana da shekara 57. Yanzu an mai da wurin gidan tarihi, sai da tikiti ake shiga.

Na san da yawa a gida da suka ji labarin cewa suka yi, to ai mawaƙi ne, ɗan ƙwaya. Mutanen garin nan ba haka suka san shi ba. Ɗan Shaidun Jehoba ne, ba a san shi da maye ba. Ciwon kwankwaso ne ya sa shi gaba, na shekara da shekarun da ya yi yana tsalle a dandali da takalmi mai tsini. Ciwo ya kai shi ga magani, magani kuma ya kama shi. Kwana shida kafin rasuwarsa, a hanyar dawowa daga Atlanta, sai da jirginsa ya yi saukar gaggawa a garin Moline aka farfaɗo da shi da Narcan, maganin farfaɗo da wanda ƙwaya ta yi wa yawa. Ƙwayar da ta ƙarasa shi jabu ce, an yi ta da kamar maganin ciwo na Vicodin alhali fentanil ne a ciki, abin da ya ninka hodar heroyin ƙarfi wajen sau 50. A 2018 mai gabatar da ƙara na ƙaramar hukumar Carver ya ce ba wanda za a gurfanar, don ba a gano wanda ya kawo ta ba. Likitan da aka zarga da rubuta masa oksikodon, wani maganin ciwo mai ƙarfi, da sunan wani na hannun daman Prince ya biya dala 30,000 aka rufe magana, bai kuma amsa laifi ba. Ba ƙwayarsa ce ta yi kisan ba, wannan kam a yi masa adalci. Sai dai likitan ya duba Prince ranar jajibirin mutuwarsa.

Ni ba a jarida na koyi wannan karatu ba. A hunturun 2015 santsin ƙanƙara ya ɗebe ni a bakin ƙofa, na karye a wuyan hannu. Asibitin da aka kai ni tsaf-tsaf, ƙasa kamar ka ci tuwo a kai, kowane gado da labulensa da talabijin. Nas ta nuno mini wani kwali mai zanen fuskoki, ta farko tana dariya, ta ƙarshe tana kuka, ta ce daga 0 zuwa 10 ina ciwon yake? Na ce da sauƙi. Ta ce lamba take so. Bahaushe ko ransa ne ke fita da sauƙi zai ce, amma a takardarta babu gurbin da sauƙi. Na ce 6. Na fito da 'yar robar magani ruwan goro mai farin murfi, sunana a jiki da sunan likita, oksikodon ƙwaya 30.

Kwana uku na farko maganin ciwo nake sha. Rana ta huɗu na kama kaina ina duba agogo, hannun kuwa ya lafa. Wani ɗumi ne ke saukowa daga ƙeya har tafin ƙafa, kewar gida ta tafi, tunanin kuɗin haya ya tafi, dusar ƙanƙarar da na tsana ma ta yi mini kyau ta taga. Ranar da na makara sallar Asuba har rana ta take, tsoro ya kama ni. Na kai sauran ofishin 'yan sanda, inda suke da akwatin ƙarfe na zuba ragowar magani. Ba wanda ya bugo daga asibiti ya tambayi yadda na ƙare da su.

Ba haɗari ba ne, ginawa aka yi. Tun wajen 1996 aka fara koyar da ma'aikatan asibiti su riƙa auna ciwo kamar yadda suke auna hawan jini da zafin jiki. A shekarar ne kamfanin Purdue ya fito da OxyContin, maganin ciwo na oksikodon, ya baza 'yan talla ofis-ofis suna gaya wa likitoci ba ya kama mutum sosai. A 2007 ya amsa laifin yaudara, aka ci shi tarar sama da dala miliyan 600, kasuwa kuma ta ci gaba. A 2012 kaɗai an rubuta takardun irin wannan magani fiye da miliyan 250. Da hankali ya dawo aka tsuke hannu, waɗanda suka riga suka kamu sai suka koma wajen 'yan bayan fage, inda fentanil ke jiransu. A 2021 mutum sama da 100,000 ƙwaya ta kashe a Amurka.

Ban ce namu da kyau ba. Kowa ya san abin da kodin ya yi wa Kano kafin gwamnati ta hana shi a 2018, kowa ya san mai Tramol na unguwarsu. Kuma a nan an ɗaure likita Conrad Murray a 2011 kan mutuwar Michael Jackson, abin da a gida da wuya ya wuce "kwanansa ne ya ƙare". Na yarda. Amma yaron da ke shan sirop a kango ya san ɓarna yake yi, shi ya sa yake ɓuya, uwarsa kuma tana da bakin yi masa faɗa. A nan tsohuwa mai jikoki za ta haɗiya da ruwa a gaban kowa, wa zai ce mata ta bari, ga sa hannun likita? Gara mini ɓarawon da ya hauro ta katanga da wanda ya yi sallama.

Abin da na kasa gaya wa Baturen nan ma ba wannan ba ne. Masu agaji sun ce Prince ya yi awanni da cikawa kafin a gan shi. Mutumin da duniya ta san sunansa, kwana shida da dawowa daga bakin kabari, a ce ya kwana shi kaɗai a gida mai girman kasuwa? Da a unguwarmu ne, ko ya kulle ƙofa gwaggo za ta shimfiɗa tabarma a bakinta. 'Yan dubiya za su dame shi da ya jiki har ya gaji, wata ta kawo kunu, wani ya ɗauki robar maganin ya jijjiga ya ce wannan fa jiya a cike take. Muna kiran abin sa ido, ni ma na sha ƙorafi a kai.

Makon da na karye, Hajiya ta bugo. Ba ta tambayi sunan magani ba, ba ta tambayi likita ba. Ta ce an ɗaure hannun da kyau? Na ce an ɗaure. Ta ce wa ke dafa maka abinci, maƙwabta sun shigo dai ko? Na dubi ƙofar da kwana biyar ba wanda ya ƙwanƙwasa, robar tana kan tebur kusa da wayar. Na ce sun shigo, Hajiya, yanzu ma suka fita.