Kafin Ka Tura Bidiyon Nan Na Zuwa Wata

'Yan'uwana matasa, daren jiya a teburin mai shayi wani ƙanena ya miƙo mini wayarsa yana rawar jiki, ya ce, "Yaya, ashe ƙarya Amurkawa suka shirga, babu wanda ya taɓa taka wata!" Hujjar mai bidiyon wai akwai wata ɗamarar radiyeshin da ta kewaye duniya, duk wanda ya ratsa ta sai ya soye. Shayinsa bai huce ba ya riga ya tura wa zaure uku na WhatsApp. Abin ya dame ni ƙwarai, don yaron nan kimiyya yake karanta.

Ɗamarar gaskiya ce. Maganaɗisun duniya yana kama ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, furoton da ilektiron, ya tsare su cikin zobba biyu. Na ciki yana farawa wajen kilomita 1,000 daga ƙasa, na waje kuma ya miƙa har kusan kilomita 60,000. Rahamar Allah ce wannan maganaɗisu, shi ke kare mu daga iskar rana, wato irin waɗannan ƙwayoyi da rana ke fesowa.

Amma ku dubi yadda aka gano ta. A farkon 1958 James Van Allen na Jami'ar Iowa a Amurka da ɗalibansa suka sa na'urar ƙirga radiyeshin a tauraron ɗan'adam mai suna Explorer 1. Idan tauraron ya yi nisa sosai, sai na'urar ta yi tsit, ta nuna sifili. Mai gaggawa da sai ya ce ta lalace, ko ya ce sama wayam take. Su kuwa suka jira bayanan Explorer 3, suka ɗauko irin na'urar a ɗakin gwaji suka yi ta antaya mata hasken eksire, sai suka ga idan abin ya yi mata yawa shiru take yi. Ashe cikowa ta yi har ta kasa ƙirgawa. Watanni suka yi kafin su buɗe baki, mu kuwa bidiyon minti biyu ya ishe mu yanke hukunci.

'Yan sama-jannatin Apollo, shirin Amurka na zuwa wata, sun san da ɗamarar tun kafin su tashi. An zana musu hanya ta gefen da ba ta da kauri, suka wuce cikin 'yan sa'o'i. Waɗanda suka fi kwasar radiyeshin su ne na Apollo 14, kimanin rad 1.14 (rad ma'aunin radiyeshin ne) a duk tafiyar, alhali sai ɗaruruwan rad a lokaci guda ke kashe mutum. Van Allen ɗin kansa, wanda ya rayu har 2006, ya ƙaryata masu jingina wannan zance da sunansa.

Ban hana ka shakka ba, ƙanena, tambaya ba laifi ba ce. Amma da hannunka ka tura, kuma da sunanka mutane suka karɓa. Ka koma zaurukan nan uku ka rubuta musu cewa ka bincika, ɗamarar tana nan, kuma an ratsa ta an dawo lafiya.