Ƙaddara ce ta ɗora rodi a kan tayil ɗina?

Shekara uku ke nan ina lallaɓa ginin gidana a Tumfure da ke Gombe, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Da aka zo kan daɓe, na tattara ɗan abin da na tara na nufi Ƙofar Ruwa a Kano, na sayi katan 80 na tayil mai girman santimita 60 da 60, guda huɗu a kowane katan. A gabana aka duba su, ko ɗaya babu tsaga.

Direban da ɗan kamasho ya haɗa ni da shi, sai da na haɗa shi da girman Allah: a shimfiɗa katako, a jera katan a tsaye, a matse su kada su yi wasa a hanya. Ƙarfin tayil a gefensa yake. Katan ɗaya ya kusa kilo 30, in ka kwantar ka yi ta jibga wani kan wani, na ƙasa ne ke shan wuya. Ya ce, "Haba Alhaji, ba yau muka fara ba."

Ashe ina juya baya aka kwantar da su, ya kuma karɓi rodin wani ya ɗora a kai don kwaɗayin kuɗin mota biyu. A haka ya bi ta Darazo zuwa Dukku, kuma duk wanda ya san ramukan hanyar nan ya san sauran labarin. Ga damina, ga motar ba tamfol. Kwali ya sha ruwa ya zama kamar tuwo, 'yan dako suna ɗagawa gindi yana zubewa. Su ma ɗin wurgo shi suke yi kamar buhun masara, ina ihu suna cewa rana ta yi.

Katan 17 suka tashi aiki! Na kira direba, wai "Alhaji a yi haƙuri, ƙaddara ce." Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddarar ce ta ɗauki rodi ta ɗora? Ɗan kamasho ya ce shi haɗi kawai ya yi. Mai shago ya ce kaya in sun bar ƙofarsa ba ruwansa. Ko takardar da ke nuna adadin da aka loda babu, nan kam laifina ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na nemi cikon, aka ce wannan zubin ya ƙare. Kowane zubi da lambarsa a jikin katan, in lamba ta bambanta, launi ma sai ya ɗan bambanta. Wanda aka aiko mini ya fi duhu, in ka jera su kamar an yi wa riga faci.

Sauran 63 ɗin ni da yarana muka kwashe su zuwa ɗaki, muka jingina su a tsaye kan katako, nesa da danshi. Mai sa tayil ya karɓi kafin alƙalami tun makon jiya, kullum yana kira. Direban kuwa tun ranar Talata wayarsa a kashe take.