Babban Yatsana da Tekun Bahar Maliya

Ni na kawo maganar da bakina, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Muna zaune da daddare ana shawarar inda za a je hutu, na gyara murya na ce bana nutso za mu yi a teku, irin wanda ake goya tukunyar iska a shiga ƙarƙashin ruwa ana gaisawa da kifaye. Yara suka ɗau ihu. Uwargida ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Abban yara, kai da in sabulu ya shiga maka ido wajen wanka sai maƙwabta sun ji?" Na ce wannan daban, wancan daban. Surukata Hajiya, wadda da ita za a yi tafiyar, ba ta tanka ba. Carbinta kawai take ja, amma na lura ta ƙara sauri.

A daren na naɗa kaina shugaban kwamitin zaɓen wuri, kuma ni ne sakatare, ni ne 'yan kwamiti. Mako biyu na yi ina kwana a YouTube. Na tsayar da garin Dahab na ƙasar Masar, can bakin Bahar Maliya a yankin Sina'i, sannan na rubuta wurare uku a takarda da jan biro. Ma'aunina guda ne tak: wane wuri ne in na sa hotonsa a Facebook abokaina za su kasa barci?

Na farko shi ne shahararren ramin nan da ake kira Blue Hole, arewa kaɗan da garin, wanda zurfinsa ya kai mita 100. Na biyu jirgin ruwan Ingila mai suna Thistlegorm, wanda jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, yana kwance a zurfin mita 30 da baburan soja da manyan motoci jere a cikinsa har yau. Na uku gandun Ras Muhammad, inda wani jirgi Yolanda ya yi karo da dutse a 1980 ya zubar da kayansa a ƙasan teku. Kayan kuwa ba zinariya ba ne, ba azurfa ba: tukwanen masai ne da bahon wanka. Na ce wannan na yara ne, su ma su samu abin dariya.

Da muka isa, na ja zugata zuwa wata cibiyar koyar da nutso, na ajiye takardar a kan tebur kamar mai kawo takardar kwangila. Malamin wani siririn mutum ne da rana ta gasa, mai magana a hankali. Ya karanta, ya ɗago ya ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya, tun daga Hajiya har auta, ya sake komawa kan takardar.

"Malam, wace takardar shaidar nutso gare ka?"

Na ce ai na yi bincike mai zurfi.

"Sau nawa ka taɓa nutso?"

Na ce in dai da tukunya yake nufi, to yau ne za a buɗe fage.

Ya ari jan birona, nawa na kaina, ya fara aiki. Blue Hole, in ji shi, akwai wata ƙofa a jikinsa a zurfin mita 55 da ta ci ƙwararrun masu nutso da yawa, har ana yi wa wurin laƙabi da maƙabartarsu. Mai nutson shaƙatawa komai gwanintarsa ba ya wuce mita 40. Ya soke. Thistlegorm sai mai shaidar mataki na biyu, domin mai ta farko iyakarsa mita 18, ga tafiyar sa'o'i a kwalekwale tun kafin asuba. Ya soke. Ras Muhammad kuwa akwai jan ruwa mai ƙarfi da zai iya kwashe mutum kamar ledar da iska ta ɗauka. Ya soke. Mako biyu na rashin barci, ya gama da su kafin in gama gyara zama.

Sai ya shiga jero tambayoyin da ko sau ɗaya ba su zo mini a rai ba. Shekarun yaran nawa? Babban 13, ta tsakiya 10, auta 7. Ya ce a ƙa'idar PADI, ƙungiyar da ke ba da shaidar nutso, ɗan shekara 10 zai iya yin nutson gwaji tare da malami, amma ba a wuce mita 12. Ɗan shekara 8 ana sa masa tukunya a ruwan da bai fi mita 2 ba. Auta dai saura shekara guda, sai dai ya yi iyo a sama da gilashin fuska da ɗan bututun shaƙar iska. Wa ya iya ruwa? Wa ke da asma, ko ciwon zuciya, ko mura ta toshe masa kunne? Akwai mai juna biyu? Uwargida ta ce a'a da saurin da ya ba ni mamaki. Wa ke amai in ya hau kwalekwale? Duk gidan suka juyo suka kalle ni, har Hajiya. Sannan ya tambayi abin da ya fi kunyata ni: wannan baiwar Allah, da take ba za ta shiga ruwa ba, ina na shirya za ta zauna duk tsawon yinin? Gaskiya a lissafina na mako biyu, Hajiya ba ta fito ko a gefen takarda ba.

Ya ce shi idan iyali suka zo masa, ba ya duba wanda ya fi kowa ƙarfi, wanda ya fi kowa rauni yake dubawa, sai ya zaɓi wuri daidai da shi. Na gyaɗa kai ina kallon auta cike da tausayi.

Wurin da ya zaɓa mana sunansa Lighthouse, a tsakiyar gari yake. Ba kwalekwale, ba tafiya. Daga bakin titi za ka taka da ƙafarka ka shiga, ƙasan ya fara da yashi yana gangarawa a hankali, gefe kuma ga duwatsun murjani. Lungu ne da iskar garin ba ta cika dukansa ba, don haka ruwan a kwance yake. Akwai inuwa da kujeru, akwai banɗaki kusa, wanda Hajiya ta ce ya fi mata wanda ke ƙasan teku amfani. Ni dai raina ya ɓaci. Na ƙetaro ƙasashe don in shiga ruwan da yara ke wasa a bakinsa?

Aka ba mu rigunan roba. Na yi minti goma ina kokawa da tawa, na fito ina haƙi, zik a gaba kamar na kowace riga ta mutunci. 'Yata ta ce, "Abba, zik ɗin a baya yake." Na koma. Aka ɗaura mini ɗamarar dalma, aka goya mini tukunya, nan take na gane abin da jaki ke ji. Sai malamin ya ce kowa ya tofa yawu a cikin gilashinsa ya goga don kada ya yi hazo. Ni da na shekara goma sha uku ina hana yaran nan tofar da yawu, ga ni a gaban surukata ina tofawa a abin da zan manna a fuskata. Hajiya ta kau da kai ta fuskanci duwatsun Saudiyya da ake hangowa a ƙetaren ruwa.

Daga nan aka yi darasin alamun hannu, tunda a ƙasa ba bakin magana. Nan ne na yi asarar da ta fi kowace. Lokacin da malamin ke bayani, ni ina can ina raɗa wa babban ɗana cewa Jacques Cousteau da Émile Gagnan ne suka ƙera na'urar shaƙar nan a Faransa a 1943. Ilimi ne mai kyau, sai dai ba ya fitar da kowa daga ruwa. Abin da na tsinta a darasin biyu ne: kada ka taɓa riƙe numfashi, domin iskar huhu tana kumbura in kana tasowa, sannan ka riƙa toshe hanci kana hurawa a hankali don kunne ya buɗe, tunda kowace mita 10 nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya.

Muka durƙusa a kan yashi, ruwa ya rufe mu. Wallahi abin ya yi kyau. Shiru, sai ƙarar numfashina kamar tsohon injin niƙa. Malamin ya matso ya haɗa babban yatsa da manuniya ya yi da'ira yana kallona. Na ce a raina gaisuwa ce. Na ɗaga masa babban yatsa da dukan ƙarfina, irin na "komai daidai". Sai ya damƙi kafaɗata, ya yi wa mataimakinsa alamar ya kula da yara, ya taso da ni sama.

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya ƙalau!"

Muka koma. Muka kai mita 3, na hura kunne ya buɗe, na ji ni gwani ne. Ya sake yin da'ira, na sake ɗaga yatsa, wannan karon har da girgiza shi. Sama. Karo na uku hannu biyu na ɗaga masa, don ya tabbatar ba ni da wata matsala. Sama. A nan ne ya cire abin bakinsa, ya ja dogon numfashi irin na mai haƙuri da ya kusa ƙarewa, ya ce a ƙarƙashin ruwa babban yatsa ma'anarsa "fitar da ni", kuma doka ce ba a musu da wanda ya ɗaga shi. Da'irar ita ce "lafiya". Daga bakin ruwa na jiyo muryar Hajiya tana tambayar uwargida ko haka ake yin abin, mutum ya riƙa bulluƙowa kamar kwaɗo.

A karo na huɗu na cusa babban yatsana cikin ɗamara don kada ya ci amanata. Muka gangara har mita 6, malamin yana riƙe da wuyan tukunyata ta baya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Yarana kuwa suna gaba, a miƙe sambal, ko hannu ba sa motsawa. Ni ina tuƙa keke da ƙafafu, ina tayar da yashi, kifaye suna watsewa.

Sai ga wani kifi ruwan goro mai ratsin fari biyu ya fito daga wani abu mai kama da ciyawa mai motsi, ya nufo gilashina gadan-gadan. Ya ja baya, ya sake kawo hari. Na yi salati a cikin bututu, kumfa ta tashi kamar tukunya ta tafasa. Da muka fito na ba da labari cewa ya kai tsawon damtsena. Malamin ya ce ruwa da gilashi suna ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma wannan kifin gidansa yake karewa, tsawonsa bai fi tafin hannu ba. 'Yata ta ce ita ma ya zo mata, ta yi masa bye-bye. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, amma ni ban ma samu damar raina shi ba.

Aka duba agogon da ke nuna iskar da ta rage a tukunya. Kowa ya shiga da 200. Ƙa'ida a fito da 50, kuma ni na kai 50 ɗin tun yaran suna da fiye da rabin tasu, don haka saboda ni aka katse yawon kowa. A nan maganar malamin ta dawo mini, ta zaɓen wuri daidai da wanda ya fi kowa rauni. Na waiwaya na dubi auta. Yana can yana ba Hajiya labarin kifaye kala-kala da shi da uwarsa suka gani daga sama, ba tukunya, ba ɗamara, har da wani "babban baƙin abu mai harbe-harbe" da ya ce shi ya fi ba shi tsoro. Uwargida ta ce, "Ai Abbanka ne."

Na ƙudura sai na wanke kaina. Na je na ce a rubuta ni nutso biyu da safiyar ranar komawarmu. Malamin ya tambayi ƙarfe nawa jirginmu zai tashi, na ce da la'asar. Ya sake miƙo hannu, na ba shi jan biron da kaina. Wai iskar naitirojin da jiki ya tsotsa a ƙasa sai ta samu lokacin fita, in ba haka ba ta yi kumfa a jini idan jirgi ya yi sama: aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan fiye da haka. Ranar a kujera na yini kusa da Hajiya, ina riƙe mata jaka.

Da jirgi ya fara gudu a kan titinsa, uwargida ta leƙo daga kujerarta ta tambaye ni da ido ko lafiya. Na manta, na ɗaga mata babban yatsa. 'Yata ta kama hannun ta ɗaga shi sosai kowa ya gani, ta ce, "Hajiya, duba, yau Abba ya yi daidai. Saman za mu."