Birtaniya a 2016: tafi a filin ƙwallo, kora a akwatin zaɓe

Duk lokacin da aka yi maganar 2016 a Birtaniya, 'yan ƙwallo Leicester City suke tunawa, 'yan siyasa kuma Brexit, wato ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai. Ni a ganina labari ɗaya ne, kuma sai an haɗa su ake ganin abin mamakin.

A watan Mayu Leicester ta ɗauki kofin Firimiya da maki 81, ta ba Arsenal tazarar maki goma, ƙungiyar da da ƙyar ta tsira daga faɗuwa a kakar baya. To su wa suka yi aikin? Kociya Claudio Ranieri ɗan Italiya ne. Riyad Mahrez ɗan Aljeriya, N'Golo Kante Bafaranshe ɗan asalin Mali, mai ƙungiyar kuma ɗan Thailand. Jamie Vardy ɗan Ingila ya ci ƙwallaye, ba musu, amma ba shi kaɗai ba. A watan nan dai Landan ta zaɓi Sadiq Khan, Musulmi, ɗan direban bas daga Pakistan, a matsayin magajin gari.

Ba a yi wata biyu ba, ranar 23 ga Yuni, kusan kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, kuma batun baƙi na cikin manyan abubuwan da aka yi yaƙin zaɓen da su. Mako guda kafin nan wani mai tsattsauran ra'ayi ya kashe 'yar majalisa Jo Cox a mazaɓarta.

Ban ga laifin talakan arewacin Ingila ba sosai. An rufe masana'antunsa tun tuni, gwamnati ta yi shekara shida tana tsuke bakin aljihu, sai aka nuna masa baƙo aka ce ga mai cin rabonka. Aka zagaya da jar mota ɗauke da alkawarin fam miliyan 350 duk mako ga asibitoci. Babban mai laifi a wurina Firaministan lokacin ne, David Cameron, wanda ya kira zaɓen alhali shi yana son a zauna. Rigimar cikin jam'iyyarsa ya so kashewa, sai ya yi caca da ƙasa baki ɗaya. Da ya sha kaye, washegari ya ce zai sauka, ya bar wa Theresa May ɗanyen aikin. Scotland kuwa, da kashi 62 suka ce a zauna, aka ja ta dole.

Kwana huɗu bayan zaɓen Iceland, ƙasar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, ta fitar da Ingila daga gasar Turai da ci 2-1. Ficewa biyu a mako guda, an sha ba'a.

Kasuwa dai ba ta saurari masu ƙin baƙi ba. A watan Yuli Leicester ta sayo Ahmed Musa daga CSKA Moscow. A Agusta ɗan tsere Mo Farah, haifaffen Somaliya, ya ciyo wa Birtaniya zinare biyu a gasar Olympics ta Rio, aka sake tashi ana tafi.