Jirgin Zinari na Kogin Offin: Rabin Labari Muke Ba 'Ya'yanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Makon jiya na je gida Dunkwa ta'aziyyar wata gwaggona. Bayan addu'ar uku dattawan zango suna zaune a rumfa, sai ga wani yaro cikin masu haƙar zinari ya wuce a kan babur, takalmin roba har gwiwa, jikinsa duk jar laka kamar an tsoma shi a kunun kanwa. Wani dattijo, aminin mahaifina, ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya girgiza kai ya ce, "Waɗannan yaran sun kashe mana kogi. Zamanin jirgin kamfani wa ya isa ya yi wannan ɓarna?" Kowa ya ce gaskiya ne. Ni dai na yi shiru, don ba a musu da manya a zaman makoki. Amma maganar ta tsaya mini a rai har na dawo Kumasi, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ga wanda bai san wurin ba, Dunkwa gari ne a bakin kogin Offin, a Yankin Tsakiya na Gana, ƙasar Denkyira. Offin yana gangarawa ya haɗu da Pra, ita kuma ta faɗa teku a Shama. Zinarin wannan ƙasa ya girmi kakannin kowa. Da shi Denkyira ta yi ƙarfi ta mallaki maƙwabtanta kafin Asante su karya ta a 1701. A wancan zamani mata ne suke shiga bakin ruwa da akushi bayan an ɗauke ruwan sama, su ɗebi yashi su yi ta kaɗawa har ɗan garin zinari ya kwanta a ƙasan akushin. Akwai ma ranakun da al'adar 'yan ƙasa ta hana shiga kogin. Ƙarni nawa aka yi ana wannan, kuma ruwan bai daina shayar da mutane ba.

Sai Turawa suka shimfiɗo layin dogo daga Sekondi, ya bi ta Tarkwa da Dunkwa da Obuasi, ya isa Kumasi a 1903. Abin da a da ba ya ɗaukuwa a kan ɗan dako, yanzu jirgin ƙasa ya kawo shi. A farkon ƙarni na 20 aka soma harhaɗa jiragen haƙar zinari a kan kogunan Ankobra da Offin da Birim. Wanda ya fi suna daga baya shi ne kamfanin Bremang. A 1961 gwamnatin Nkrumah ta saye shi tare da wasu ma'adinai irin na Tarkwa da Prestea da Bibiani, aikin ya koma hannun hukuma. A shekarun 1990 aka sayar wa 'yan kasuwa, bai daɗe ba jiragen suka tsaya cak, suka kama tsatsa a inda suke.

Kakana yana cikin leburorin da suka yi wa wannan jirgi aiki. Daga ƙasar Katsina ya taso yana saurayi, ya bi tsohuwar hanyar fataken goro, ya yi ɗan zama a Kumasi, sai ya ji ana ɗaukar ma'aikata a kurmi. Aikinsa sare itatuwa da tumɓuke kututture a gaban jirgin, don guga ba ya son saiwa. Ina yaro yakan zaunar da mu bayan sallar isha'i ya kwatanta mana shi, kuma ban taɓa ganin ya yi maganar wani abu da irin wannan sha'awa ba. Yakan ce ku ɗauka gidan bene ne na ƙarfe yana yawo a kan ruwa. A gabansa akwai doguwar sarƙa ta manyan guga, kowane ɗaya mutum zai iya tsugunawa a ciki. Sarƙar tana juyawa ba tsayawa, guga ya nutse ya kafto ƙasa da tsakuwa, ya hau sama ya juye a cikin wata ƙatuwar ganga mai huji-huji da ke birgima ana feshe ta da ruwa. Yashi mai nauyi ya zube ta hujin ya tafi inda ake tace shi, duwatsu kuma su fice ta bayan jirgin su tsibu. Abin da ya fi ba shi mamaki har ya rasu shi ne jirgin ba ya bukatar kogi ya kai shi ko'ina. Shi yake haƙa tafkinsa. Yana cin gaba yana cike baya, tafkin yana tafiya da shi, har ya ratsa inda jiya gona ce.

Kakata kuma ƙararsa take tunawa. Ta ce dare da rana yake aiki, har kunne ya saba. Ranar da ya lalace ya yi shiru da tsakar dare, sai mutane su farka, jarirai su kama kuka.

To ga abin da ya sa na kasa haɗiye maganar dattijon nan. Mu da muka tashi a garin, muna da wurin wasa a bayan gari: tsibin tsakuwa jere-jere kamar kunyar doya ta ƙattai, fararen duwatsu sumul, a tsakaninsu kududdufai masu koren ruwa da iyayenmu suke dukanmu in mun shiga. Ciyawa ma da ƙyar take kama wurin. Wallahi har na gama firamare ina zaton haka Allah Ya halicci wurin. Sai da na girma na gane kashin jirgin ne. Ƙasar noma mai kyau, wadda ta fi kowace albarka don tana bakin ruwa, ita ce ya juye, ya binne ta a ƙasa ya ɗora duwatsu a sama. Kuma zaibar nan da ake kama garin zinari da ita, wadda yau kowa yake tsine wa, ba 'yan galamse, wato masu haƙar zinari ba lasisi, suka fara kawo ta bakin Offin ba. Da ita aka yi ta aiki tun zamanin jirgin.

Ban ce dattawanmu ƙarya suke yi ba, Allah Ya kiyaye. Abin da suke kewa gaskiya ne. Suna kewar albashin da ke zuwa ƙarshen wata ba fashi, da asibitin ma'aikata, da wutar lantarki lokacin da ƙauyukan kewaye suke cikin duhu, da jirgin ƙasa da ke tsayawa a tasha matan zango su sayar da waina da koko da ƙosai kafin ya tashi. Suna kewar zamanin da mutum zai ce "ni ma'aikaci ne" a ba shi mata. Da kuɗin jirgin nan kakana ya gina ɗakuna huɗu da rufin kwano, a cikinsu aka haifi mahaifina. Ni kaina cin wannan arzikin nake yi, kuma ba zan raina shi ba. Sai dai in ka saurara da kyau, duk labarin na albashi ne da tsari da mutunci. Kogin ba ya cikin labarin. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga gonar kokon wane da jirgin ya cinye, ga rafin da ya ɓata, ga irin kifin da aka daina gani.

Da jiragen suka tsaya, me aka bar wa garin? An bar masa mutanen da suka san sarai inda zinari yake kwance da yadda ake raba shi da yashi, aka kuma ɗauke musu albashi. Tun 1989 doka ta halatta ƙananan masu haƙa, amma samun lasisi sai mai kuɗi da ƙafa. Yaron da ubansa ya yi shekara ashirin yana wanke yashin kamfani, ya tashi ba aiki, kogi kuma ga shi nan a bayan gida. Me ake zaton zai yi?

Daga baya Sinawa suka shigo, akasarinsu daga gundumar Shanglin, da motocin haƙa da kuma injin nan da ya ba canfan, wato ƙaramin jirgin haƙa na yau, sunansa. Duk wanda ya ga canfan kuma ya ji kwatancin kakana zai gane ɗa da uba ne. Dandamali ne a kan ganguna, injin dizal a kai, bututu mai haƙori a baki ya nutse har gindin kogi yana zuƙo yashi, yana zubarwa a kan wani dogon allo da aka shimfiɗa wa bargo. Masu walda a gari suke ƙera shi, a ɗauko a mota a harhaɗa a bakin ruwa. Na taɓa zama kusa da wani yaron unguwarmu yana gama aikin yini. Ya wanke bargon a baho, ya tsiyaye ruwan, ya ɗiga zaiba a kan baƙin yashin ya yi ta murzawa da tafin hannunsa, ba safa ba komai. Ya juye a ƙyalle ya matse, ɗan dunƙule fari kamar ƙwayar gyaɗa ya rage. Ya ɗora a kan garwashi ya sunkuya yana hurawa da baki, hayaƙin yana shiga hancinsa, ƙanwarsa tana gefe da goyo. Da abin ya koma rawaya sai ya ɗago ya yi mini murmushi. Wannan murmushin har yau yana damuna. Ni na san abin da hayaƙin nan yake yi wa ƙwaƙwalwa da ƙoda da ɗan da ke ciki. Shi kuma kuɗin maganin mahaifiyarsa yake gani.

Kada a fahimce ni a baibai. Ɓarnar yau ta fi ta jiya nesa ba kusa ba. Jiragen kamfani 'yan ƙalilan ne, ana iya ƙirga su da yatsu. Canfan kuwa ba sa ƙirguwa, suna jere a kan Offin da Pra da Ankobra da Birim, a bakin gaɓa kuma motocin haƙa suna cin gonakin koko. Ruwan ya koma kamar shayi mai madara. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya bayyana cewa dauɗar ruwan Pra a matatar Sekyere Hemang ta kai awo 14,000, alhali an gina matatar ne don awo 2,000, har ruwan famfo ya yi wuya a Cape Coast da Elmina. Mu a zango da muke alwala sau biyar a yini, mun fi kowa sanin abin da ake nufi da a ce ga kogi a gabanka amma sai ka sayi ruwan leda. Ramukan kuma suna cin rai. A 2013 a Kyekyewere, nan kusa da mu, rami ya rufta ya kashe fiye da mutum 15 a rana ɗaya.

Gwamnatoci sun yi ta gwada ƙarfi. A 2013 an kori Sinawa fiye da 4,000. A 2017 aka hana ƙananan masu haƙa aiki gaba ɗaya aka tura sojoji, a 2021 aka sake tura su suna cinna wa canfan da motocin haƙa wuta. A watan Agustan 2025 ministoci biyu, na tsaro da na muhalli, suna cikin mutum 8 da suka rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a hanyarsu ta zuwa Obuasi taro kan wannan matsala. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalansu haƙuri. Duk da haka, sojoji na juya baya, masu walda sun kunna wuta. Kuma wanda ake kamawa a nuna a talabijin kullum yaron nan ne mai takalmin roba. Wanda ya sayi motar haƙa ta miliyoyin sidi, da wanda ya ba da filin, da wanda yake sayen zinarin a cikin shago mai sanyi, su ba laka a jikinsu.

Shi ya sa zafin da muke saukewa a kan yaran nan yake ba ni ciwo. Muna yabon babban jirgi don yana da takarda da tambari, muna tsine wa ƙaramin don na talaka ne, alhali sana'ar ɗaya ce: a juye gindin kogi a kwashe abin da ke ciki a tafi. In muka ci gaba da gaya wa yara cewa da can komai lafiya lau, su ne suka ɓata, ba za su saurare mu ba, domin su ma a kan tsibin tsakuwar nan suka yi wasa. Sun san ba su suka tara shi ba.

Akwai kuma wani abin da ya shafe mu mu Hausawa. Mutanen arewa, Hausawa da Mosawa da Zabarmawa da Dagombawa da sauransu, su ne suka ɗauki mafi nauyin aikin ƙarfi a ma'adinan kurmi. A 1969 da aka fitar da dokar korar baƙi aka ba su mako biyu, zangunan Gana sun zube, mutane da yawa suka koma Nijeriya da Nijar da abin da hannu zai iya ɗauka. Da su rabin tarihin nan ya tafi. Na tabbata a cikin masu karanta wannan a Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi akwai wanda kakarsa take cewa "lokacin da muke Gwalkwas", wato Gana a tsohon sunanta, kuma ba a taɓa zaunar da ita an tambaye ta ba. Don Allah a tambaye ta yau, a kunna waya a ɗauki muryarta. A tambayi albashi da tasha da kasuwa, amma a tambayi ruwan ma.

Daren da zan dawo na je sallama wurin dattijon nan. Na tarar da shi shi kaɗai a ƙofar gida yana jan carbi. Na durƙusa muka gaisa, sannan na ce, "Baba, in ba za ka ga rashin kunyata ba, ina da tambaya. Lokacin da jirgin yake aiki, kuna shan ruwan da ke ƙasa da shi?"

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "A'a, ɗana. Sama da shi matanmu suke zuwa ɗiba. Na ƙasa ko wanki ba ya yi."

Sai ya ajiye carbin ya soma lissafa mini rafuka da yatsunsa, sunayensu da yaren 'yan ƙasa, guda uku, ya ce duk jirgin ya bi ta kansu, yanzu ko alamarsu babu. A ɗaya daga ciki ya koyi iyo. Ya ce a bakinsa akwai wata babbar rimi da fatake suke sauka a gindinta, kakana yana cikin waɗanda aka sa suka sare ta. Shekara arba'in da wani abu ina gaishe da mutumin nan, ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

Na roƙe shi in dawo da Sallah mu zauna in ɗauki muryarsa. Ya ce in Allah Ya kai mu, in zo da safe, don da yamma tari yake hana shi magana.