Agogon Miliyoyi Da Rantsuwar Banza: Nasiha Ga Samarinmu

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwana matasa, musamman ƙannena na ƙauyukan Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka ɗaura aure a garinmu, kuma abin da na gani bayan an shafa fatiha shi ya hana ni yin shiru. Wani yaro, wanda mun san uwarsa mun san ubansa, wanda bara waccan ya sayar da gonar gadonsa ya ce ya shiga harkar agogo, ya rarrafo gaban wani Alhaji ɗan kasuwar riɗi, ya durƙusa, ya zaro wani koren kwali daga aljihun babbar riga. Ya ce, "Baba Alhaji, Rolex ne, Submariner. Wallahi tallahi orijina ne, daga Dubai aka sauke min shi, ga katinsa ga takardunsa." Alhaji yana jujjuya shi a tafin hannu, bai ma taya ba, sai wani saurayi ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce shi ya saya miliyan 12. Wani daga gefe ya ce 13. Alhaji ya ga za a ƙwace masa a gaban jama'a, ya ce 14. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sallama maka, Baba, don kai uba ne. Da wani ne da albarka zan ce."

Bayan isha'i na tarar da su ukun a teburin mai shayi, mai agogon da masu tayin nan biyu, an soya musu ƙwai suna tafawa. Waɗannan biyun, a garin nan babu wanda bai san ko kuɗin man babur sai sun ranta ba. Da ɗan Alhajin ya kai agogon wurin mai gyara a Sabon Gari ta Kano, aka buɗe bayansa, sai ga ɗan batir a kwance a ciki. Submariner kuwa ba ya aiki da batir, motsin hannun mai ɗaura shi ne ke sa shi tafiya. Innalillahi! A gidan ɗaurin aure, da alwala a jikinka, ka kama sunan Allah ka rantse a kan jabu?

Kada wani ya juya min magana. Ban ce sayen agogo a sayar a ci riba haramun ba ne. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba ta bashi, haka yake a cikin Suratul Baƙara. In ka sayi abu naira goma, wani ya gani da idonsa, ya yarda ya ba ka ashirin, Allah ya sanya albarka. Abin da nake kuka a kai shi ne ƙarya, don na lura harkar nan, yadda yaranmu suka ɗauko ta, tun daga tushenta har ganyenta ƙarya ce ke riƙe da ita.

Bari in faɗa muku inda abin ya samo asali, don da yawa cikin masu ɗora hoton agogo a WhatsApp ba su sani ba. Kamfanin Rolex wani Bajamushe ne, Hans Wilsdorf, ya kafa shi a Landan a 1905, daga baya ya koma da shi Janeba ta ƙasar Suwizalan. Patek Philippe ya ma girme shi, tun 1839 yake. Waɗannan kamfanoni ba sa sayar wa kowa kai tsaye yadda ake sayar da shadda a Kantin Kwari. Suna da amintattun shagunan da suka yarje wa, kuma samfuran da aka fi nema ba sa isar masu so. Sai ka je da kuɗinka a hannu a ce ka rubuta suna ka jira, wani ya shekara, wani ya yi shekaru. To nan ne 'yan kayi-nayi suka ga ƙofa. Duk wanda ya samu a farashin shago, yana fitowa bakin titi akwai mai ba shi ninki. Rolex samfurin Daytona na ƙarfe da a lokacin ake sayarwa kusan dala 15,000 a shago, a farkon 2022 sai da ya haura dala 40,000 a hannun masu sayarwa na biyu. Nautilus na Patek, wanda aka fara ƙerawa a 1976, da aka sanar za a daina yin samfurin 5711 a 2021 sai mutane suka haukace. Akwai wani mai shuɗiyar fuska da aka yi guda 170 kacal tare da kamfanin Tiffany, kuɗinsa a shago dala dubu 52 da 'yan kai, amma a Disambar 2021 aka yi gwanjon guda ɗaya a birnin Niyok ya kai dala miliyan 6.5. Irin waɗannan labarai ne ke yawo a TikTok, yaro yana kwance a kan tabarma a Jigawa yana gani, ya tashi ya ce noma wahala ce.

Yanzu ku dubi ƙaryar farko. Mai shagon can yana tambayar mai saye: kai za ka ɗaura? Ya ce ni zan ɗaura, kyauta ce ta aurena, zan bar wa ɗana. Alhali tun kafin ya shiga shagon ya karɓi kafin alƙalami a hannun wani. Na ji wani daga cikin yaranmu da ke zuwa Dubai yana ba da labarin nan yana dariya, wai ai Bature ne ko Ba'indiye ya yi wa, ba Musulmi ba. Wane malami ne ya karantar da kai cewa ƙarya tana halatta idan wanda aka yi wa ba ɗan garinku ba ne? An gindaya maka sharaɗi, ka ce ka yarda, ka karya kafin tawadar rasit ta bushe, sannan ka zo kana cewa wayo. Wannan yaudara ce, ko da ka sa mata hula zanna.

Ƙarya ta biyu ita ce wadda na gani da idona, tayin bogi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana najashu, wato mutum ya ƙara kuɗin kaya ba don yana son saye ba, sai don a ruɗi mai saye na gaskiya. Wannan yana cikin Buhari da Muslim, duk ɗan Islamiyya ya ji shi. Amma yau a zaurukan WhatsApp na masu agogo, shi ne jarin. Mutum ɗaya da layuka uku, ya ɗora hoto da wannan, ya taya da wancan, ya ƙara da na ukun. Wani ya rubuto "an sayar" a kan agogon da yake nan cikin aljihunsa, don gobe ya ce ya samo irinsa da ƙyar. Kowane agogo "ɗaya ne ya rage". Kowane agogo "wani sanata ya kira yana so". Haba ƙannena! Sanatoci nawa ne a ƙasar nan? 109 ne, kuma da alama kowanne yana da lambar wayarku.

Sai ta uku, wadda ta fi muni, sayar da jabu da sunan na gaske. Kuma kada ku ɗauka jabun yanzu irin na da ne, wanda ruwan alwala ke wanke masa launi. Akwai waɗanda ake yi da inji mai motsi a ciki, da kwali, da kati, da lamba, sai gwani ya buɗe ya duba da madubi kafin ya gane. Akwai kuma na haɗe-haɗe: gangar jiki ta gaske, fuska ta jabu, sarƙa ta wani agogon daban. A goge shi ya yi ƙyalli a ce sabo dal. Wannan ba shi da maraba da mai zuba yashi a gindin buhun riɗi ya rufe da mai kyau a sama ya kai Dawanau. Annabi ya taɓa wucewa ta wurin mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji jiƙa a ƙasa, ya tambaye shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Abinci ne fa na 'yan kuɗi kaɗan. Ina ga wanda ya karɓe wa dattijo kuɗin riɗin shekara guda da rantsuwa? Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kuma cinikin duniya ɗiban nono ne, shi kansa yaron nan wa ya sani ko wani ne ya rantse masa a can kafin ya zo ya rantse wa wani a nan?

Akwai kuma wadda suke yi wa junansu, ita ce "agogo ba ya faɗuwa". Da wannan kalma ake raba yaro da gonarsa, da shanun ubansa, da ɗan kunnen matarsa. A ce kawo jari, wata uku ka ninka. To ya faɗi. Daga wajen watan Afrilun 2022 farashin manyan agogunan nan a hannu na biyu ya fara gangarowa, lokacin da bankunan Amurka da Turai suka ƙara kuɗin ruwa, kuɗin kiripto kuma ya rushe, masu sayen gayu suka fara fito da nasu kasuwa. Ya yi ta sauka har cikin shekarun da suka biyo. Abin da ya rufa wa wasu asiri a nan gida shi ne karyewar naira. Bayan an sakar wa kasuwa farashinta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga naira ɗari huɗu da wani abu, a farkon 2024 ta haura 1,500. Sai mutum ya ga ya sayar da agogo fiye da yadda ya saya a naira, ya ce ya ci riba, alhali da ya je Wapa ya canza kuɗin ba za su sayo masa rabin irinsa ba. Amma ba zai faɗa wa na bayansa haka ba, don yana neman wanda zai sauke wa kayan. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Banza ba ta kai zomo kasuwa, in ka ga ana kiran ka ka zo ka ninka kuɗi ba gumi, tambayi kanka kai ne mai cin ribar ko kai ne ribar.

Tunda an zo nan bari in taɓo wani abu. Wasu agogunan nan zinare ne zalla, kuma ba sabon karatu ba ne cewa an haramta wa namiji ɗaura zinare. Sai ka ga mutum a sahun farko ya naɗe hannun riga don a gani. Shi kuma mai sayarwar, in ka ce na zinare kake so ya rantse zinare ne, in ka ce kana tsoron Allah ya rantse ruwa ne aka shafa. Agogo ɗaya, rantsuwa biyu. Su ne dai za ka tarar da yamma a shagon caca suna buga ƙwallon Turai, su ne da askin nan da ba a san gabansa da bayansa ba, su ne masu ɗaukar hoto a jikin motar mutane. Agogon miliyoyi a hannu, amma a kira sallar asuba ba za ka gan su ba. To lokacin me yake nuna muku?

Ku ma masu saye ba ku kuɓuta ba, iyayena Alhazai, a gafarce ni. Cinikin biri a sama kuke yi don kawai kada a ce wane ya fi ku. A garin da famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ya lalace wata da watanni mata suna tafiya ƙauyen gaba ɗiban ruwa, a nan ake tayin agogo miliyan 14 a bainar jama'a. Yaran da ke zaune a gefe suna kallo, me kuke so su koya?

Mu da muka taso mun ga wani abu daban. Alhaji in ya dawo daga Makka, tsarabarsa Seiko ce ko Rado ko Orient, ya ɗaura shekara ashirin, talatin, gilashi ya fashe a canza, sarƙa ta tsinke a gyara, ya rasu a ba babban ɗansa. Ba wanda ya taɓa tambayar nawa zai yi in an sayar. Malamin makarantar allo da Casio ɗinsa na roba yake tsayar da azahar, duk gari a bi shi. A kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, na ga dillalin shanu da idona yana ja wa mai saye hannu gefe yana ce masa, "Ɗan uwa, saniyar nan tana ɗingishi in ta yi tafiya mai nisa, in ka ji ka gani to." Ya rage wa kansa la'ada da bakinsa. Bayarabe ya taso daga Legas, Buzu ya gangaro daga Damagaram, a yi cinikin garke ba takarda ba sa hannu, kalmar fatoma ta isa. Dattawan nan in ciniki ya kai ga rantsuwa sukan ce a bar shi, babu albarka a ciki. Yanzu "wallahi" ta zama kamar sallama, yaro sai ya yi ta sau goma kafin ya faɗi kuɗin kaya. Ina mutanen nan suka tafi? 'Ya'yansu ne fa da jikokinsu ke yin wannan.

Ban ce ku bar sana'arku ba. In agogo za ku sayar, ku sayar, amma ku ji tsoron Allah, ku faɗi abin da yake. Ɗan Cana ne, ce ɗan Cana ne, akwai masu so, ango ma zai saya ya yi kwalliya ranar biki. Iyaye su riƙa tambayar 'ya'yansu inda kuɗi ke fitowa, malamai su taɓo batun a huɗuba, masu unguwanni su buɗe ido. Sai dai ina faɗa ina jin nauyi a bakina, don uban da ɗansa ya saya wa sabon babur da wuya ya tambayi komai. Kuma ko a makon nan na ji ana cinikin wata gonar a yammacin gari, mai rijiya a ciki, wai magajin yana sauri ne kada jirgin Dubai ya tashi ya bar shi.