Sudan ta Kudu: an ɗinka wa soja kaki, an mance da alƙali

Daren jiya a majalisarmu ta Mabera, ana cikin shan shayi na jawo zancen Sudan ta Kudu, mai babban birni a Juba. Wani dattijo da duk muke kira Baba ya dube ni ya ce, "Kai yaro, mi ya haɗa ka da Juba, ga Sabon Birni nan na ci da wuta?" Na yi shiru. Amma har na kwanta maganar ba ta bar ni ba, don ni dai ina ganin akwai abin da ya haɗa mu.

Ƙasar ta samu 'yanci ranar 9 ga Yulin 2011, bayan ƙuri'ar raba gardama da kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi rabuwa da Sudan. Duniya ta yi mata gata irin na 'yar auta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa rundunar kiyaye zaman lafiya mai suna UNMISS, Amurka da Birtaniya da Norway suka tsaya mata, aka yi ta horar da 'yan sanda, ana raba motoci, ana taron bita a otal-otal. Ko shekara uku ba a cika ba, a Disambar 2013, rigimar Shugaba Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar ta fashe. Sojojin suka dare gida biyu, galibi 'yan ƙabilar Dinka ta Kiir nan, 'yan ƙabilar Nuer ta Machar can. An ƙiyasta yaƙin ya ci rayuka kusan 400,000.

Ba wai masu tallafin ba su yi komai ba. Lokacin da ake bin mutane gida-gida, UNMISS ta buɗe ƙofofin sansanoninta, fararen hula sama da 200,000 suka fake a Bentiu da Malakal da Juba da sauransu. Wannan kam sai godiya.

Inda aka yi sake shi ne shari'a. Tun kafin yaƙin, al'adar gwamnatin ita ce duk madugun da ya ɗauki bindiga ya shiga daji, sai a kira shi sulhu, a yafe masa, a manna masa muƙamin janar, a zuba yaransa cikin soja. Kaki bai sa yaran sun canza ubangida ba. Kuma kowa ya gane cewa hanya mafi sauri ta samun kujera ita ce kisa. Duk ɗan Sakkwato ko Zamfara da ya ji wannan, na san hoton wasu ya faɗo masa a rai.

Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta kafa kwamitin bincike, Obasanjo namu ne ya shugabance shi, ya kuma tono ta'asar ɓangarorin biyu. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2015 ta ce a kafa kotun haɗin gwiwa, da alƙalan ƙasar da na wasu ƙasashen Afirka. Ta 2018 ta maimaita. Kotun ba ta taɓa zama ba. To ta yaya za ta zauna? Waɗanda ake jiran amincewarsu su ne ke fargabar a kira sunansu. An ba kura ajiyar nama, ana mamaki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne batun otal ɗin Terrain a Juba. A Yulin 2016 sojoji suka afka wurin, suka yi wa ma'aikatan agaji 'yan ƙasashen waje fyaɗe, suka kashe wani ɗan jarida ɗan ƙasa. Ƙasashen waje suka matsa lamba, a 2018 kotun soja ta ɗaure sojoji goma. Ashe ana iyawa! Amma ɗimbin matan ƙauyukan jihar Unity da aka yi wa irin wannan cin zarafi, mafi yawansu ba su taɓa ganin wanda ya cuce su a gaban alƙali ba. Ba su da jakadan da zai buga waya a madadinsu.

Mu ma a nan, duk sanda ake lissafin tsaro, jiragen yaƙi ne da babura da motocin sintiri da 'yan sa-kai. Ba kasafai nake jin an ambaci mai gabatar da ƙara ba, ko yadda za a kare talakan da ya yi ƙarfin halin ba da shaida ya koma ƙauyensu ya kwana lafiya.

Yau da dare zan koma majalisa, ni ma ina da tambaya ga Baba: cikin duk shanun da aka kora daga Isa da Goronyo, ɓarawo nawa ya ji an yanke wa hukunci?